Monita a ɗaki guda: inda za a kafa ta da yadda za a daidaita ta



A wannan fitowar za mu yi magana ne a kan wani kaya da ba a cika ambatonsa ba idan ana lissafin abubuwan da ke kawo haɗari a gida, wato allon kwamfuta, wanda yara suke kira monita. A da sai a ofis ko a shagon intanet ake ganinta. Yanzu kuwa ta shiga ɗakunan haya da yawa. Wani ya saya ne saboda ɗansa yana darasin kwamfuta a makaranta, darasin kuma yana cikin jarrabawar BECE. Wani saurayi ne da ya koyi buga takardu, da ita yake neman na abinci. Wasu kuma sun ga monita ta hannu a Adum ta fi talabijin araha, sai suka haɗa ta da dikoda don labarai da ƙwallo. Babu laifi a ko ɗaya. Matsalar ita ce masu ƙera monita ofis suke tunani lokacin da suke ƙera ta: tebur mai ƙarfi, kujera mai majingina, soket mai lafiya, kuma babu jariri mai rarrafe a ƙasa. Mu kuwa yawancinmu ɗaki guda gare mu. A nan ake kwana, a nan ake cin abinci, a nan yara suke tsalle-tsallensu. Abin da aka rubuta a takardar cikin kwali bai ishe mu ba, balle ma wadda aka saya a hannu ba ta zuwa da takarda.

Tun a wurin saye

Iri biyu za ku gani a kasuwa. Akwai tsohuwar yayi mai ƙaton ƙeya, akwai kuma mai faɗi marar kauri. Shawararmu a nan ba ta da kwana-kwana: ko kyauta aka ba ku mai ƙeyar, in akwai ƙananan yara a ɗakin, ku yi godiya ku bar ta. Mai inci 17 tana kai kilo 15 ko fiye, kuma yawancin nauyin a gilashin gaba yake, shi ya sa in za ta faɗi da fuska take faɗowa. Mai faɗi mai inci 19 zuwa 22 ba ta cika wuce kilo 3 ko 4 ba. Wutar da suke ci ma ba ɗaya ba ce: mai ƙeyar tana iya cin wat 70 ko fiye, mai faɗi ta zamani kuma wat 15 zuwa 30. A gidan da ake haɗa kuɗin mita, wannan bambanci kaɗai ya isa ya hana rigima da maƙwabta.

Kada ku biya sai an kunna ta a gabanku. Ku ce a nuna muku farin shafi, don a kan fari ne tabo da layi da wurin da ya yi duhu suke fitowa. Sannan ku juya bayanta ku karanta 'yar takardar da ke manne. Wutar Ghana bolt 230 ce. Idan an rubuta 100–240V, lafiya lau. Idan 110 ko 120 kaɗai aka rubuta, ta ƙasashe irin su Amurka ce, kuma ba za ta ɗauki wutarmu ba. Wanda ya sayi har da akwatin kwamfutar ya duba bayansa shi ma: wasu tsofaffin suna da ɗan jan maɓalli mai lamba 115 da 230. In aka jona shi yana kan 115, ƙara ɗaya za ku ji, sai hayaƙi.

Abin da aka fi mantawa shi ne ƙafar. Monitoci da yawa na hannu daga ofisoshin waje suka fito, an raba su da ƙafafunsu a hanya, sai mai shago ya laluba ya haɗa da wadda ta samu. Ku girgiza ta kaɗan a kan teburin shago. Idan tana rangaji, ko kanta yana sunkuyowa da kansa, ku ce a canza. Idan kuma irin wadda take aiki da adafta ce, ku tabbata lambar bolt da ke jikin adaftar ita ce ke jikin monitar, domin akwai mai 12 akwai mai 19, bakinsu kuma yakan yi kama.

Wajen kawo ta gida a trotro ko pragya, a naɗe ta da zane, a riƙe ta a tsaye a cinya, kada a kwantar da ita a ɗora wani kaya a kai. A gefe-gefe ake kama ta. Babban yatsa ɗaya da aka danna a tsakiyar gilashin ya isa ya bar tabon da ba ya fita.

Haɗa ƙafar

Ku fitar da yara waje na ɗan lokaci, saboda ƙananan sukurori da ledar kwali abin sa wa a baki ne a wurinsu. Ku shimfiɗa bargo ko tawul mai tsabta a kan tebur, ku kifa monitar a kai a hankali, gindinta ya ɗan leƙo daga bakin teburin. Ba a jona komai da wuta tukuna.

Ƙafar yawanci kashi biyu ce, wuya da faranti. Wasu wuyan ana tura su ne har a ji ƙas, wasu kuma da sukurori huɗu ake ɗaure su. Farantin na ƙasa yana da sukuru ɗaya mai ɗan kunne wanda ake murɗawa da hannu. In sukurori huɗu ne, ku fara sa dukkansu sako-sako, sannan ku bi su kuna ƙara ɗaurewa, na sama a dama, sai na ƙasa a hagu, haka har su kama. In sun tsaya ku tsaya. Roba ce a wurin, ƙarfin tuwo yana tsaga ta.

Ramuka huɗun nan da ke bayan monita ba a yi su da ka ba. Akwai ma'auni da kamfanoni suka yarda da shi, ana ce masa VESA. A ƙananan monitoci tazarar ramukan milimita 75 ce ko 100, tsaye da kwance, sukurun kuma mai lamba M4 ne, tsawonsa yawanci milimita 10. Mun kawo waɗannan lambobi ne saboda mun san da yawa za su je wurin mai walda a unguwa ko a Suame Magazine a yi musu ƙafa ko abin ratayewa. Hakan yana yi, in an ba shi awo daidai. Amma kada a yarda a sa dogon sukuru don shi ne ya samu. In ya wuce ramin, kayan wutar da ke ciki zai taɓa.

Akwai kuma ƙafar da ake ɗagawa a sauke. Wannan tana da sifirin mai ƙarfi a cikin wuyanta, wanda aka yi shi daidai nauyin allon. Idan ba allo a kanta, aka saki makullinta, da ƙarfi take harbowa sama, kuma haɓa ko yatsa take samu. Saboda haka in kun ga wata 'yar kusa ko maɓalli a bayan wuyan, kada ku cire ko ku danna sai monitar tana tsaye a kan tebur, kuma fuskarku ba ta saitin wurin.

Inda za ta zauna

Nan ne zancen yake, kuma nan ne muka fi ganin sakaci. Mun ga monita a kan bokiti da aka kifa, a kan akwatunan tufafi da aka jera, a kan kujerar roba, a bakin taga. Mun san ba ganganci ba ne, rashin wuri ne. Wanda ya baro gidansa da abin da hannunsa ya iya ɗauka ba tebur ne farkon abin da zai saya ba. To amma in har an iya sayen monita, a daure a haɗa da ɗan tebur na katako mai ƙafa huɗu da suka zauna daram. Kafintan unguwa zai yi shi da ragowar katako. Teburin roba ba ya yi, yaro ɗan shekara biyu yana iya jan sa da hannu ɗaya.

A matsa teburin ya manne da bango, ko ma a kusurwa. Farantin ƙafar ya zauna gaba ɗayansa a kan teburin, a bar aƙalla taƙi ɗaya tsakaninsa da bakin gaba. Kada a shimfiɗa ƙyallen ado mai lilo a ƙarƙashinta, domin abin da yaro mai koyon tsayuwa zai fara kamawa ke nan. Kada a ajiye ta saitin inda ake shimfiɗa wa yara da dare, kada kuma a bayan ƙofa inda za a bankaɗo a buge ta. Haka nan a daina ajiye alewa, rimot ko waya a bayanta ko a kanta. Duk abin da yaro yake so, in ya gan shi a sama, hawa zai yi.

Ga wani gwaji mai sauƙi. Bayan kun gama kafawa, ku durƙusa har idonku ya zo daidai tsayin ƙaramin yaron da ke ɗakin, ku dubi teburin daga nan. Duk wayar da kuka gani tana lilo, shi ma ya gan ta. A tattara wayoyin a ɗaure su, a bi da su ta bayan tebur, kada ko ɗaya ta ratsa hanyar da ake wucewa. Sannan ku tashi ku tura saman monitar da yatsa biyu ta gaba da ta baya. In ta nuna alamar tafiya, ba a gama aiki ba.

Ɗaure ta ba wuya. Yawancin ƙafafu suna da rami a wuya inda wayoyi suke bi. A zura igiya mai ƙarfi ko maɗaurin jaka ta nan, a ɗaure a katakon bayan tebur. Ko kafinta ya buga siririn katako a kan gefen farantin ta baya ya danne shi. Kada wani ya ga kamar tsoro ne ya yi mana yawa: a Amurka, inda gidaje suke da faɗi, sai da hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta ƙasar ta fara gangami na musamman a 2015 don a riƙa ɗaure talabijin da kabad a bango, saboda yaran da suke mutuwa a ƙarƙashinsu. In haka ta faru a inda akwai fili, ina ga ɗaki ɗaya mai mutum shida?

Rataye ta a bango ya fi komai kau da ita daga hannun yara, amma da sharuɗɗa. A nemi izinin mai gida tukuna, kada abin ya zama dalilin sallama ko cin kuɗin ajiya. Bangon ya zama na bulo mai ƙwari, ban da na falanki da aka raba ɗaki da shi, ban da tsohon bangon ƙasa mai zubar da gari. Kada a huda saitin soket ko makunnin fitila, sama ko ƙasa ko gefe, don ta nan wayoyi suke bi a cikin bango. Kuma a tuna cewa wadda aka rataye sama don kallon ƙwallo ba ta dace da mai zaman rubutu ba. Za mu zo kan wannan.

Abu na ƙarshe game da wuri: nesa da kurfoti da risho, nesa da randa da bokitin ruwa, kuma a ɗaga kai a dubi kwanon rufi. Ruwan Kumasi ba irin na arewa ba ne, damina biyu ake yi a shekara, kuma inda bai yoyo jiya ba yana iya yoyo gobe.

Maganar wuta

'Yan'uwan da suka fito daga Burkina Faso, Nijar, Mali ko Togo, ko sun biyo ta Tarikom ko Zini ko sun zo kai tsaye, wannan sashe naku ne musamman. A can fulogi mai ƙafa biyu zagayayyu aka saba da shi. A nan soket mai rami uku ne masu kusurwa, irin na Ingila. Ramin sama shi ne na wayar ƙasa, kuma shi ne yake buɗe ƙofofin ramuka biyun na ƙasa, an yi haka ne don kada yaro ya zura wani abu. Dabarar da kowa ya koya ita ce a tura tsinken ashana ko murfin biro ko ma makulli a ramin sama, a cusa mai ƙafa biyun da ƙarfi. Yana kamawa, shi ya sa ake ganin ba komai. Amma ba ya zama daram, sai ya riƙa tartsatsi a ciki yana zafi har robar ta narke. Wayar ƙasa ba ta haɗu ba. Fis ɗin da ke cikin fulogi mai ƙafa uku, wanda yake yankewa in an sami matsala, shi ma babu. Ga kuma yara suna kallo suna koyon cewa ana zura abu a soket.

Maganin ba tsada. Wayar wutar yawancin monitoci cirewa ake yi, irin ta akwatin kwamfuta ce. A sayi wata mai fulogi ƙafa uku a canza, shi ke nan. In fis ya ƙone a sa wani mai lamba ɗaya da shi, kada a naɗa masa zaren waya ko takardar sigari. Wayar da aka feɗe aka zura tsirararta a soket kuwa, wannan ba ma sai mun yi dogon bayani ba.

Sai wayar jona, wadda ake ce wa ekstenshan. Monita da kwamfuta ba su da cin wuta sosai. Masu ci su ne dutsen guga, hita da butar lantarki, kowannensu wat 1,000 zuwa 2,000 ko fiye. Soket ɗaya mai lafiya iyakarsa kusan wat 3,000, ekstenshan mai arha mai siririyar waya kuwa ba ya kusantar haka, ko me aka rubuta a jikinsa. Saboda haka a ware wa kwamfuta nata, kada a haɗa ta da kayan zafi, kada a jona ekstenshan a kan ekstenshan, kada a bi da waya ƙarƙashin katifa ko leda. A ɗaga shi daga ƙasa, a ɗaure a ƙafar tebur ta baya. Lokaci-lokaci a taɓa fulogin da bayan hannu. In da zafi, ko ana jin warin roba, a kashe. Duk wanda ya ga gobarar Adum ta watan Maris na 2025 ya san yadda wuta take gudu a inda gini ya manne da gini, lungunanmu kuma ba kowanne motar kashe gobara take iya shiga ba.

Idan kun taɓa ƙarfen bayan kwamfuta kuka ji yana ɗan ja, alama ce wayar ƙasa ta gidan ba ta aiki. Kada a saba da shi a ce ai kullum haka yake. Ranar da ƙafa take a jiƙe a kan siminti, jan ba zai zama ɗan kaɗan ba. A gaya wa mai gida, a kira mai gyaran wuta. A ƙarƙashin dokar haɗa wayoyin lantarki ta 2011, Hukumar Makamashi ta Ghana ce take ba masu wannan aiki shaida, kuma kuna da damar cewa a nuna muku katin.

In an ɗauke wuta, abin da ake kira dumsor a nan, a kashe soket a zare fulogi. Lokacin da ta dawo ne take zuwa da hauka, a bar ta ta zauna minti biyar tukuna. Wanda yake da hali ya sayi 'yar na'urar kariya irin wadda ake sa wa firji da talabijin. In hadari ya taso da tsawa, a zare komai har da wayar dish, domin tsawa tana iya biyo ta can ta shiga dikoda ta wuce cikin monita.

Wajen jona wayar hoto, a yi shi komai yana kashe. Mai shuɗin kai, VGA, tana da ƙananan allurai 15 masu saurin lanƙwashewa, a duba fuskarta kafin a tura, a murɗa sukurorinta biyu da yatsa kawai. HDMI fuska ɗaya take shiga. Akwai wata mai kama da ita, DisplayPort, wadda sau da yawa tana da maƙale, sai an danna kanta take fita. Mutane da yawa sun fizge ta sun ɓalle ramin.

Daidaita ta da jikin mai zama

Faɗuwa da wuta a take suke nuna kansu. Ciwon wuya da kafaɗa da ido kuwa a hankali suke shigowa, har mutum ya ɗauka gajiyar rayuwa ce kawai. Ƙa'idar ɗaya ce: mutum ya fara zama yadda jikinsa ya sake, sannan a kawo monita ta same shi. Abin da muke gani akasin haka ne, an ajiye monita inda wuri ya samu, mutum kuma ya lanƙwashe kansa ya bi ta.

Ku zauna, baya a miƙe, tafin ƙafa a ƙasa. Monitar ta kasance a gabanku sosai, ba a gefe ba. Ku miƙa hannu: 'yan yatsunku su kusa taɓa gilashin. Wannan kusan kamu ɗaya da taƙi ɗaya ke nan, santimita 50 zuwa 70, babbar monita kuma a ƙara matsar da ita baya. In rubutu ya yi ƙanana daga nan, rubutun za a ƙara wa girma, ba kai za a miƙa gaba ba. A yawancin manhajojin intanet, danna Ctrl tare da alamar + yana ƙara shi.

Tsayi: ku dubi gabanku kai tsaye. Bakin saman allon ya zo daidai idonku ko ƙasa kaɗan, yadda in kuna karanta tsakiyar shafi idon ne zai ɗan sauka, wuya bai motsa ba. Sannan a ɗan kishingiɗa ta baya, digiri 10 zuwa 20, kamar yadda ɗalibi yake riƙe allonsa a cinya. In ta yi ƙasa kuma ƙafarta ba ta ɗagawa, a sa mata abu mai faɗi da ya fi farantin girma. Bandir ɗin takarda mai 500 kaurinsa kusan santimita 5 ne, ɗaya ko biyu sukan isa. Guntun katako mai faɗi ya fi. Ban da gwangwani, ban da kwalin da ba komai a ciki, kuma in an ɗaga a sake duba ɗaurin.

Iyayenmu masu tabarau mai gida biyu, wanda ake karatu ta ƙasansa, su a sauke musu monitar ƙasa fiye da haka. In ba haka ba za su riƙa ɗaga haɓa don su gani ta ƙasan gilashin, kafin awa ɗaya ƙeya ta riƙe.

Yara fa? A nan ne monita ɗaya take zama ta mutum huɗu. Ba za a riƙa kwance ta kullum ba, saboda haka yaron ake ɗagawa. A sa masa matashi a kujera har idonsa ya kai, a sa masa ɗan benci ko bulo a ƙarƙashin ƙafa don kada ta yi lilo. Wanda kuma a tabarma yake aiki saboda babu kujera, ya nemi gajeren tebur, ya jingina bayansa da bango. Ƙa'idar ido ba ta canza ba. Abin da ba ma so shi ne monita a ƙasa yaro ya yi rub da ciki a gabanta, ko monita can sama kusa da rufi shi kuma yana ƙasa ya ɗaga kai.

Haske: a ɗauki farar takarda a riƙe kusa da allon. In allon ya fi ta haske kamar fitila, a rage. In ya fi ta duhu, a ƙara. Da dare kada a kashe fitilar ɗaki a bar allon kaɗai, ko da ƙaramar fitila ce a bari. Mai kallon allo ba ya ƙifta ido kamar yadda ya saba, shi ya sa ido yake bushewa yana yaji, abin ya fi tsanani da hunturu ko in fanka tana bugun fuska. Likitocin ido suna ba da shawarar bayan kowane minti 20 a dubi wani abu mai nisan ƙafa 20, wato kusan mita 6, na daƙiƙa 20. A ɗakinmu babu mita 6, sai a leƙa ta ƙofa a dubi ƙarshen tsakar gida. Game da ƙanana kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allo, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Ina fuskarta take kallo?

Wannan tambaya ce da takardar kamfani ba za ta yi muku ba, amma a aikinmu na kare haƙƙi tana da nauyi. A kan allon nan ne ake buɗe hoton katin Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Ghana, da takardun yara, da saƙonnin 'yan'uwan da aka bari a gida, wani lokaci har da sunan garin da mutum ya gudo daga cikinsa da dalilin gudun. Gidan haya kuma ƙofa a buɗe take saboda zafi, labule ne kawai, kowa yana wucewa. Ba muna cewa ku zargi maƙwabta ba ne. Mutanen Zongo sun karɓi baƙi tun kakanni, kuma da yawanmu a hannunsu muka sami ɗakin farko. Amma magana in ta fita ba a san inda za ta tsaya ba, kuma akwai waɗanda tsaron ransu ya dogara ga kada a san inda suke.

A ɗaya ɓangaren, in yara ne suke amfani da ita, ba a so allon ya juya wa iyaye baya, yaro ya shige lungu shi kaɗai da intanet.

Abin daɗi shi ne zama ɗaya yana warware duka. A sa monitar ta ba ƙofa da taga gefenta, fuskarta kuma ta kalli cikin ɗaki, wajen da uwa ko uba suka saba zama. Mai wucewa gefe kawai zai gani. Iyaye suna ganin abin da yaro yake yi ba tare da sun tsaya a kansa ba. Hasken rana ma ba zai faɗa kan gilashin ya hana gani ba, ba kuma zai fito ta bayanta ya kashe ido ba, wanda dama shi ne abin da masana suke cewa a yi. Masu shagon buga takardu su ma haka: allon da ake buɗe takardar wani a kai kada ya kalli layin masu jira. In za a tashi, maɓallin Windows tare da L yana kulle allon. Hoton katin mutum kuma a goge shi a gabansa in an gama.

Ƙura da shara

A kashe, a zare, a goge da ƙyalle mai laushi. In da datti a ɗan jiƙa ƙyallen a matse sosai, kada a fesa ruwa a gilashin, yana gangarawa ciki. Ban da kananzir, ban da omo, ban da man wanke hannu. Da hunturu a rufe ta da zane, amma sai ta huce, kuma a cire kafin a kunna, don ramukan bayanta na shan iska ne. A bar mata kamar faɗin tafin hannu tsakaninta da bango.

In abu ya faru

Wanda wuta ta kama, kada a taɓa shi da hannu. A kashe daga soket ko daga babban makunni, in ba a kai ba a ture wayar da busasshen katako. A kai shi asibiti ko da ya ce ya warke, domin wuta tana iya taɓa bugun zuciya. In monita ta kama da wuta, kada a watsa ruwa tana jone. A yanke wutar, a zuba yashi in ƙarama ce, in ta fi ƙarfi a fitar da kowa a kira 192 ko 112. Yaron da monita ta faɗo wa a ka, in ya yi amai, ko barci ya rinjaye shi ba lokacinsa ba, ko ya suma, ko ya yi jijjiga, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, a tafi da shi nan take. Asibitin Manhyia yana kusa da Ash Town, Komfo Anokye kuma yana da sashen gaggawa. Mai katin NHIS ya ɗauka, marar shi kada ya zauna neman kati.

Monitar da ta lalace kada a buɗe ta a gida. Mai ƙeyar tana aiki da dubban bolt a ciki, tana kuma iya riƙe wuta bayan an zare ta, gilashinta yana da dalma. Tsofaffin masu faɗi suna da siraran fitilu masu ɗauke da sinadarin makuri, mai guba in sun fashe. Ghana ta yi doka kan sharar kayan lantarki a 2016, amma a gida abin da ya rage namu shi ne kada a bar yara su fasa ta don neman jan ƙarfen da za su kai Dagomba Line, kada kuma a ƙona wayoyinta a tsakar gida. A ba mai gyara ko mai sayen kayan gwangwan ita ɗungurungum.

Wanda bai gane rubutun da ke bayan monitarsa ba, ya ɗauki hotonsa a waya ya zo da shi ofis a lokutan da aka saba ganin jama'a, za mu karanta masa da Hausa. Kada a ɗauko monitar kanta.